Ranar da Na Kai Alƙali Cikin Taɓo

Jikokina dariya suke yi duk sanda na ce sana'ata nuna wa mutane tsuntsaye ce. Ran nan Fahad, babbansu, ya dube ni ya ce, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta, "Ya jaddi, wannan ma shugul ne? Ka je bakin ruwa, ka miƙa yatsa, ka ce ga tsuntsu, halas?" To, ku rage muryar talabijin ɗin nan, ku matso. Zan gaya muku abin da ke gaban miƙa yatsar.

A unguwar Misfala, cikin Makka, aka haife ni. Mahaifina ɗan dako ne, ni ma da dakon na tashi. Lokacin Hajji muna Mina, kayan alhazai a ka, ba zama. Amma da zarar alhazai sun watse sai unguwa ta yi tsit, maza su zauna a inuwa suna kallon juna. Wata shekara, ina saurayi, na gaji da wannan zaman, na bi masu raƙuma da ke zuwa ɗauko gishiri a bakin teku, kudu da Jidda, wajen Shu'aiba. A can na haɗu da Ammi Gambo.

Ammi Gambo Bagobiri ne. Ya ƙetaro teku daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin tun yana da ƙarfinsa, ya yi Hajjinsa, ya dawo bakin ruwa ya zauna, bai sake matsawa ba. Haƙar gishiri yake yi, kuma idan masu farauta da shaho suka zo, shi ke ratsa sabaha da su. Sabaha, ku da ba ku taɓa taka ta ba, fili ne shimfiɗaɗɗe, fari fat da gishiri, ka rantse daɓe aka yi masa. Ƙarƙashin farin nan baƙin taɓo ne mai wari, wanda ke haɗiye raƙumi da kayansa. Bayanta akwai tafkuna marasa zurfi na ruwan teku, da kurmin itacen shura da ke tsiro cikin ruwan gishiri, da ƙananan tsibirai na yashi. Can tsuntsayen suke. Duk mai son ganinsu sai ya ratsa sabaha tukuna.

Ranar farko da ya fita da ni, sanda ya miƙo mini, doguwa, da ƙarfe a gindinta. Ya ce, "Yaro, buga ƙasa." Na buga. Ya ce, "Mi ka ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "To yau ba mu zuwa ko'ina." Haka muka wuni a gefen sabaha ina bugun ƙasa kamar mahaukaci. Sai da na kwana biyu a haka kunnena ya buɗe. Inda ƙasa za ta ɗauke ka, sandar tana ba da amo busasshe, ta dawo hannunka. Inda ba za ta ɗauke ka ba, amon a dushe yake, kuma za ka ji ƙasar tana rawa har cikin gwiwar hannunka. Daga nan ya koya mini launi. Gishirin da ya tsattsage kamar faso, taka shi. Wanda ya yi sumul yana sheƙi, da ɗan duhu a ƙarƙashi, kauce masa ko da hanyar za ta ninka. Inda ka ga ramukan ƙaguwa da wata gajeriyar ciyawa mai jan baki, nan ƙasa tana da ƙashi. Kuma ba a taka sabaha da dunduniya. Tafin ƙafa ake shimfiɗawa gaba ɗaya, a ja shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sandar nan, da igiya a kugu, da salkar ruwa, da tabarmar kaba a naɗe a baya, wadda ake shimfiɗawa kan wuri mai laushi a rarrafa. Sai huri, ɗan kwalekwalen masunta, da muke ɓoyewa cikin shura. Fararen kaya kuwa ba ma sa su. Tsuntsun ruwa yana hango farar riga tana kaɗawa tun kana kamar ɗigo. Ammi Gambo da ruwan shayi yake rina tufafinmu har su yi kalar ƙasa.

Baƙon da ya sauya mana sana'a wani likita ne Ba'indiye. Ya gama Hajji, jirginsa bai zo ba, yana zaune a Jidda yana jira, sai aka kwatanta masa mu. Ya zo a kan jaki, da lema, da ƙaramar jaka a wuya. Ammi Gambo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ina bindigar?" Likita ya ce ba shi da ita. "Ina shahon?" Babu. "To mi za ka yi da tsuntsayen?" Ya buɗe jakar ya fito da darbil, madubin nan mai ido biyu na hangen nesa, ya ce, "Kallonsu zan yi."

Ammi Gambo ya juyo ya ce mini da Hausa, "Wanga bawan Allah rana ta taɓa shi. Amma mu kai shi."

Muka kai shi. Ya kwanta a bayan shura, cikin laka, daga hantsi har rana ta take tsaka, darbil a idonsa. Da zai tashi ya miƙo mini darbil ɗin. Na ɗora a idona, sai ga zalɓe, wanda nake gani kullum kamar tsinke daga nesa, ya tsaya a gabana, ƙwayar idonsa rawaya, kifi yana mutsu-mutsu a bakinsa. Na ja baya har na zauna cikin ruwa. Likitan ya yi dariya har da hawaye. Shi ya koma Jidda ya baza labarinmu, kuma tun daga lokacin masu kallo suka fara fin masu farauta yawa.

Iri-iri ne. Malaman makaranta Misirawa, da alhazan ƙasar Jawa masu jiran jirgi, da Turawan kamfanoni, waɗanda nake zuwa in tarbo a Jidda tunda ba sa shiga Makka. Kowa da abin da ya kawo shi. Wani kwasakwasa yake so, mai jaka a maƙogwaro. Wani farin tsuntsun nan mai baki kamar ludayi. Amma kowa da kowa nuham yake tambaya, dogon nan mai siririn wuya da dogayen ƙafafu, mai launin ruwan hoda, wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja da baƙi. Aikina in san inda kowane yake a wannan rana, kuma wannan ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Bahar Maliya iska ce ke kawo ruwa, ita ke mayar da shi. In iskar azyab ta taso daga kudu, sai ta turo teku kan sabaha, hanyar da ka bi jiya ta zama tafki. In ta arewa ta busa, sai tafkunan su tsiyaye, tsuntsaye su bi ruwa su koma wani lungu. Kafin in duba baƙo, sama nake fara dubawa.

Tsuntsu dai bai taɓa ba ni wahalar da mutum ya ba ni ba. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Sham, ƙato, mai fara'a, bakinsa ba ya rufuwa. Na ce masa, "Ya sidi, inda na ɗaga ƙafa, nan za ka sa taka." Ya ce tayyib, ya ji. Muna tsakiyar sabaha ya hango garken nuham, ya manta da ni, ya yanke hanya ya nufe su. Bai yi nisa ba gishiri ya fashe, ya nutse har ƙirji. Ya fara ihu yana harbe-harbe, taɓo na ƙara jansa. Na warware tabarma na shimfiɗa, na kwanta a kai, na jefa masa igiya, na ce, "Daina motsi! Kwanta da bayanka kamar kana gado!" Ya ce, "A cikin wannan?" Na ce, "A cikin wannan." Da ƙyar ya yarda. Ni da Ammi Gambo muka riƙa jansa kaɗan-kaɗan har ya fito, ba takalmi, ba wando. Abin da ya fara tambaya shi ne ko tsuntsayen suna nan. Sun tashi tuntuni. Washegari ya dawo, ya bi sawuna kamar ɗan rago, kuma ya gan su.

Sai yaƙin Turawa ya zo. Jirage suka daina zuwa, alhazai suka ragu har sai da Mina ta zama kamar ba Hajji ake ba. Misfala ba dako, Jidda ba baƙi, abinci ya yi wuya. Mutane suka juyo kan teku. A lokacin zafi akwai wasu ƙananan fararen tsuntsaye masu kamun kifi da ke cika tsibiran nan su yi ƙwai a kan yashi, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Da ma masunta suna ɗibar ƙwan kaɗan su ci. Amma wani dillali a Jidda, sunansa Salim, ya ga kasuwa a ciki. Ya riƙa turo mutane da kwanduna, su kwashe tsibiri tas, su dawo bayan 'yan kwanaki su kwashe na biyu. Masu bindiga kuma suka shiga tafkuna. Ban ga laifin mai yunwa ba, ni ma a lokacin kifi da ruwa ne abincina. Amma abin bai tsaya da yunwar ba. Yaƙi ya ƙare, abinci ya dawo, kwandunan Salim ba su daina zuwa ba.

A cikin waɗannan shekarun Ammi Gambo ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Muka binne shi a tudu, bayan ƙauyen masunta. Sabaha ta zama tawa ni kaɗai, ga ta kuma ba komai a cikinta. Baƙon farko da ya zo bayan yaƙi, na wuni ina yawo da shi, abin da na nuna masa ƙaguwa ce da zalɓe guda. Ya yi mini godiya, bai dawo ba.

Har na fara ɗaure kayana zan koma dako, sai wani tsohon masunci, Ammi Hamid, ya same ni ina gyaran huri. Ya ce, "Ya Sa'idu, kai baƙinka ka rasa, mu kifinmu muka rasa." Na ce kifi kuma? Ya ce, "Da can in mun fita, fararen tsuntsayen nan muke dubawa. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, nan kifi yake. Yanzu teku ta zama mana fili, muna jefa koma kamar makafi."

Tare muka je wurin shehun ƙauyen, da wasu masuntan. Ni ban yi magana da yawa ba, su suka yi. Shehun ya saurara, ya ce kakanninsa suna da abin da suke kira hima: a keɓe wani yanki, a hana kiwo ko sara a cikinsa har ya farfaɗo. Ya ce bai taɓa jin an yi wa tsuntsu hima ba, amma bai ga abin da ya hana ba. Ya sa aka tara duwatsu tsibi-tsibi a bakin sabaha, aka shafa musu farar ƙasa. Daga nan zuwa tsibirai, ba bindiga, ba kwando. Sai ya ce, "Wa zai tsare?" Duk suka juyo suka dube ni.

Na kafa bukka a bakin shura, na yi zafin shekarar nan a ciki, na yi na gaba. Mutanen Salim in sun zo, in tare su da hurina in gaya musu maganar shehu. Wasu su juya, wasu mu yi cacar baki har masunta su taho. Tsuntsaye suka fara dawowa, da farko tsibiri ɗaya, daga baya na kusa da shi. Nuham ma suka sauka da sanyi, ba da yawa ba. Sai ga saƙo daga Jidda: Salim ya kai ƙara gaban alƙali. Ya ce wani Batakare, wato ni, da wani shehun ƙauye sun rufe ƙasar Allah, sun hana talakawa abinci, don kawai Nasara su zo su yi kallo. Ya ce wurin ma kufai ne mai wari, babu abin tsarewa a ciki.

Muka je kotu. Alƙalin dattijo ne, gajere, mai jiki, da farin gemu. Ya saurari Salim, ya saurari shehu, ya saurare ni. Sai ya ce, "Wannan ya ce kufai ne, wannan ya ce taska ce. Ni ban taɓa ganin wurin ba. Zan je in gani." Magatakardansa ya sunkuya ya raɗa masa cewa wurin taɓo ne. Ya ce, "Ai da ƙafa aka halicce ni."

Ranar da aka sa, farkon zafi ne. Na tashi da asuba na ji iskar arewa tana busawa, kuma ga alama tun jiya take. Na ruga babban tafki, inda na yi niyyar kai shi don hanyarsa mai sauƙi ce. Ya tsiyaye. Laka ce kawai, ko tsuntsu ɗaya babu. Na san ruwan ya koma lungun kudu, bayan kurmin shura, wurin da sai an ratsa mafi munin sabaha, a shiga huri, sannan a rarrafa. Ban taɓa kai dattijo can ba. Kuma ban je na duba ba, ba lokaci, ga ƙurar motarsu ta taso.

Suka sauka: alƙali, da magatakarda, da Salim, da shehu. Salim ya hango busasshen tafkin ya buɗe hannuwa ya ce, "Ga shi nan, ya shaikh. Ba sai an wahalar da kai ba."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, tsuntsayen sun bi ruwa. Akwai inda nake zaton suke, amma hanyar ba ta da daɗi."

Alƙali ya ce, "Zato kake ko ka sani?"

Na ce, "Zato nake. Ban gan su da idona yau ba."

Ya dube ni. Sai ya cire takalmansa ya miƙa wa direba, ya ce, "Da ka ce ka sani, da na koma mota. Wuce gaba."

Na ba shi rigata mai ruwan shayi ya ɗora kan farar tasa. Na ɗaura masa igiya a kugu, ɗaya bakin a nawa. Magatakarda ya ce wannan bai dace da alƙali ba. Alƙali ya ce ya yi shiru ya taka inda aka ce. Haka muka shiga, ina buga sanda, su suna bin sawuna. Inda ƙasa ta yi rawa na shimfiɗa tabarma, dattijon nan ya durƙusa ya rarrafa, yana haki, gemunsa na taɓa gishiri. Sau ɗaya ƙafarsa ta fasa, ta shige har cinya. Salim ne ma, da yake bayansa, ya kama shi ta hammata muka ciro shi. Muka shiga huri bi da bi, muka ratsa shura, sannan na ce kowa ya kwanta da cikinsa, mu ja jiki zuwa wani ɗan tudun yashi.

Na fara leƙawa. Ruwa na nan, shimfiɗe har bakin teku. A can ƙarshensa wani dogon layi ne mai ruwan hoda, kamar an ja zare. Nuham ne, amma sun yi nisa, ga mai ido irin na alƙali ba su fi hazo ba. Tsibiran kuma, da ya kamata su cika da fararen tsuntsaye, 'yan kaɗan ne zaune a kai.

Salim ya ce, "Wannan ne?"

Na ce, "Sauran sun fita kamun kifi. A jira."

Muka jira. Rana ta hau, yashi ya ɗauki zafi, sauro na shura suka same mu. Na zagaya da salka kowa ya sha. Alƙali bai yi ƙorafi ba, tasbihinsa kawai yake ja. Magatakarda ya ce a tashi, zafin zai yi wa malam illa. Ni ma na fara tunanin haka. Ina shirin buɗe baki sai shehu ya dafa ni ya nuna teku.

Wani farin gajimare ne ƙasa-ƙasa, yana tahowa yana juyawa. Da ya matso sai muka ji kukansa. Fararen tsuntsayen ne, ba su ƙirguwa, suna bin garken kifi da ya nufo bakin tafki, suna faɗawa ruwa kamar ana zuba tsakuwa, suna tashi da kifi a baki. A ƙarƙashinsu kuma ga kwalekwalen masunta suna biye, Ammi Hamid a gaba, tsaye, yana jefa koma. Ba shiri muka yi da su ba, aikinsu kawai suka fito. Muna kallo suka jawo komar, ta yi nauyi har sai da na kusa da shi ya kama masa. Hayaniyar ta isa ƙarshen tafki, sai layin nan mai ruwan hoda ya motsa. Nuham suka ruga kan ruwa, suka tashi gaba ɗaya, suka juyo ta kanmu. Suka wuce ƙasa-ƙasa, wuya a miƙe, ƙafafu a miƙe, ja da baƙi ya rufe sama, inuwarsu na gudu a kan yashin da muke kwance.

Alƙali ya manta da cewa na ce a kwanta. Ya miƙe tsaye, igiyata a kugunsa, ya ɗaga kai yana ta subhanallah, har na ƙarshensu ya wuce. Sannan ya juya wurin Salim, ya nuna kwalekwalen, ya ce, "Waɗancan Nasara ne?"

Salim ya ce, "A'a, ya shaikh."

"Talakawa ne?"

"Talakawa ne."

"Abinci suke ja ko kallo?"

Salim ya dubi komar. Ya ce, "Abinci." Ya ƙara da cewa, a hankali, bai taɓa zuwa wurin ba sai yau, kwandunan kawai yake gani in sun iso Jidda.

A nan, tsaye cikin laka, alƙali ya yanke hukunci. Hima ta tabbata. Ba bindiga, ba kwando, daga fararen duwatsu zuwa tsibirai, kuma ni ne mai tsaro, da sanin kotu. Ya ce da Salim kifin da za a samu ma yana buƙatar dillali. Salim kuwa ya ji, don da kifi ya ƙarasa kasuwancinsa. Ni kuma na ci gaba da kai baƙi lungun nan shekara da shekaru, har gwiwoyina suka ƙi, ban sake wuni ina nuna wa mutum ƙaguwa ba.

Da muka fito bakin mota, alƙali baƙi ƙirin yake daga ƙirji zuwa ƙafa, har gemu. Magatakarda ya ruga ya ɗauko masa wasu kaya masu tsabta, ya ce ba zai yiwu malam ya shiga Jidda a haka ba, mutane za su gani. Alƙali ya ture kayan, ya shiga mota da taɓonsa, ya zauna.

Ya ce, "Su gani mana. Duk wanda ya tambaye ni da me na yi hukunci, ga shi a jikina."